Ƙwaryar Gwaggo

Masana tarihi sun ɓata tawada mai yawa wajen bayyana abin da ke riƙe da gari. Wasu sun ce ganuwa, wasu sun ce kasuwa, mu kuma da muka tsufa da alli a hannu mukan gaya wa yara cewa ilimi ne, don ba za mu tsaya gaban allo mu tozarta sana'armu ba. Ni dai bayan dogon nazari na gano cewa gari yana tsayuwa ne a kan tsohuwa guda mai ƙwarya da ganyen magarya. Ana iya shekara ba alƙali, zama ba wutar lantarki kuwa mun gwada mun ga ana rayuwa, amma ba a iya yini ɗaya da gawar mace a ɗaka ba mai wanke ta. A unguwarmu ta Tambuwal wannan tsohuwa ita ce Gwaggo, yayar mahaifina. Mai abu ya karɓi abinsa wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar girbin gero. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma duk unguwar ba wanda ya kai ta sanin ƙofar da ake bi.

Da aka dawo daga maƙabarta muka shimfiɗa tabarmi a inuwar dogon yaro, masu ta'aziyya suka yi ta zuwa. Liman ne ya fara yabo. Ya gyara rawani ya ce, "Baiwar Allah wagga, tun da nis san ta ba ta taɓa kwana wani gari ba." Jama'a suka yi kabbara. Wani ɗan kasuwa mai cin kasuwar Dogon Daji ya ƙara da cewa, "Ko tsakar damina ka aika, tana nan. Awa turmi." Aka sake yin kabbara. Baffanmu da ya zo daga tungarmu ta bayan Kebbe bai yi yabo ba. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Ashe ƙasatta nan take." Daga cikin gida kuwa kukan mata ƙasa-ƙasa yake fitowa, kamar na masu tsoron a ji, don ta yi shekaru tana hana su kururuwa a gidan mutuwa, kuma ba wadda ta tabbata cewa ta daina ji.

Ina zaune ina amsa amin, ina tunanin cewa abin da suke yabo shi ne abin da ta ƙare rayuwarta tana neman hanyar fita daga cikinsa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, kada a binne ta da yabon da da tana nan sai ta ja tsaki.

Aure ne ya kawo ta Tambuwal daga tunga, ta zo da mahaifina yana ƙarami ta rene shi, shi ya sa aka haife mu a nan. Uwar mijinta ita ce mai wankan gawar matan unguwa a lokacin, Gwaggo kuma tana bin ta tana zuba mata ruwa. Da gwiwoyin tsohuwar suka gaza, wata rana ta miƙo mata ƙwaryar wanka. Gwaggo ta yi abin da kowace 'yar mutunci ke yi in suruka ta miƙo abu, ta durƙusa ta sa hannu biyu ta ce, "Na karɓa." Ladabin nan shi ya ɗaure ta. Sai da ƙwaryar ta zauna daram a hannunta tsohuwar ta karanto sharuɗɗa. Mai ƙwarya ba ta kwana wani gari, don mutuwa ba ta aiko da goron gayyata. Abin da ido ya gani a ɗakin wanka, baki bai gani ba. Sannan ƙwarya ba a ajiye ta a tafi, sai wata ta miƙo hannu da kanta ta ce ta karɓa. Wadda duk ta gudu ta bar ta, matan da ta wanke za su bi ta har kushewa suna tambayar wa ta bar wa 'ya'yansu, ƙasa kuma ba za ta yi mata sanyi ba.

Da na fara koyarwa, kaina yana hayaƙi, na bi littattafan fiƙihu na duba. Na sami magarya, na sami kafur, na sami farawa da dama, ban sami ƙwarya ba. Na je na kai mata wannan bushara. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta kama sunana, sai ta ce Babana.

Ta ce, "Babana, waɗanda sunka rubuta littafin, maza na ko mata?"

Na ce maza ne.

"To, Allah shi saka musu. Miƙo man tsintsiya."

A nan darasin ya ƙare, kuma ba ni na tashi ajin ba.

Abin da na sani na ɗakin wanka daga bakin matata na ji shi, don ta daɗe tana riƙe wa Gwaggo buta, ita da matar liman da wata maƙwabciyarmu mai ƙosai. A wurin Gwaggo mamaci bai tafi ba sai an rufe shi da ƙasa. Kurwarsa tana nan bisa ƙofa tana kallo, tana jin kunya kamar yadda take ji da rai. Saboda haka sai ta yi wa gawa sallama kafin ta shiga. Takan taɓa ruwan da gwiwar hannu kamar na wankan jariri, ta ce a surka ko a ƙara na zafi. Ba ta juya gawa ba ta gaya mata ba. "Sannu ɗiyata, za ni juya ki dama. Yi haƙuri, saura kaɗan." In wata ta shigo tana kuka sai ta kore ta, ta ce hawaye tafasasshen ruwa ne a jikin mamaci, wadda ke son ta ƙona uwarta ta bari sai an fita da ita. Mai takaba kuwa takan ba ta 'yar wuƙa ta sa ƙarƙashin matashi, don kurwar miji takan yi ta zagayen gida har arba'in. Wata yarinya mai takaba ta tambaye ta ko cutar da ita zai yi. Gwaggo ta ce, "Cuta mi? Sabo na. Namiji ko ya mutu sai ya leƙo ya ga ko an ɗora tuwo." Yarinyar ta yi dariyarta ta farko tun rasuwar.

Mutane suna girmama ta, suna kuma tsoron ta, kuma ba koyaushe suke bambance biyun ba. A gidan suna akan ba ta wuri mai kyau, a miƙa mata jariri a karɓe tun bai ji ɗumin hannunta ba. Dubiya kuwa ta zame mata abin dariya. Wata rana mai ƙosai ta kwanta zazzaɓi, ko juyi ba ta iyawa. Tana jin sallamar Gwaggo ta miƙe zumbur, ta ɗaura ɗankwali, ta rarumi tsintsiya.

"Na ji sauƙi, Gwaggo, wallahi na ji sauƙi!"

"Kwanta, 'yar nema. Kunu nik kawo, ba magarya ba."

Takan ce da asibiti za su ɗauke ta aiki, da gadajensu sun huta.

Likkafaninta ma labari ne. Ta saya ta naɗe ta sa a ƙasan adaka, da turare a cikinsa, amma bai taɓa daɗewa ba. Wata shekara da kaka Fulani suka sauka a gonakin da aka girbe a hanyar Sanyinna, wata matashiyar mace a cikinsu ta rasu wajen haihuwa. Wani dattijo ya shigo gari yana tambaya da Hausarsa mai karyewa ko akwai mai taimako, don matan da ke tare da su yara ne, kuma ba su da farin ƙyalle. Gwaggo ba ta tambayi ko su wane ne ba. Ta buɗe adaka ta ɗauko nata, ta hau bayan babur ɗina. Da ta fito daga bukkar, dattijon ya kawo ƙwaryar nono, ta kurɓa don kada ya ji kunya. A hanyar dawowa ta ce, "Baƙuwa ta, awa ni. Ƙasar wasu ta ci ta." Haka ta yi ta saye tana bayarwa, har mai yadi ya ce mata, "Gwaggo, ke kam kin fi kowa mutuwa a garin ga."

Wannan magana ta baƙunta ba ta baki ce kawai ba. Ta yi imani cewa inda aka binne mabiyiyar mutum ranar da aka haife shi, can ne ƙasarsa, kuma ƙasar ba ta fasa kiran sa. Tata tana bayan ɗakin mahaifiyarta a tunga, mahaifiyar kuma tana kwance a 'yar maƙabartar da ke gefen fadama. "Nika son in kwanta inda anka binne rabina," haka take cewa. Tana da miji, maganar ba ta taso ba. Da ya rasu ta yi takabarta, wata fuɗu da kwana goma kamar yadda take faɗi, ta yi wankan fita, ta ɗaure kayanta a zane guda. Ɗanta yana kudu da iyalinsa, ba abin da ya rage ya riƙe ta a Tambuwal sai ƙwarya.

Tungar ba nisa gare ta ba. Mai babur yakan karya kumallo a Tambuwal ya sha fura can kafin rana ta take. Na kai ta sau da dama, kullum da sharaɗin a dawo kafin magariba, kullum kuma rabin hankalinta yana kan rana. Zuwanmu na ƙarshe, ta gaisa da dangi, ta zagaya bayan tsohon ɗakin da yanzu ya zama rumbu, ta cire takalmi ta tsaya a wurin ƙafa ba komai. Ba ta gama tsayuwar ba wayata ta yi ƙara. Kakar wasu yara ce ta cika a unguwa, ana jira. Ta dube ni, ta mayar da takalminta. Muka kamo hanya, muka wuce Kebbe. Sai da muka hango gari ta ce daga bayana, "Babana, akuya ma da rani akan kwance ta."

Daga nan ta shiga neman hannun da zai karɓi ƙwaryar. Ta fara da lallashi, ta bi gida-gida, amsar duk ɗaya ce, ban iya ba. Da lallashi ya ƙi ta gwada dabara, a gidana kuma ta gwada. Ta shigo da ƙwaryar a hannu kamar mai wucewa, ta ce wa matata, wadda har ta yi furfura Amarya take kiran ta, "Amarya, riƙe man wagga in gyara zane."

Ban taɓa ganin hannu ya ɓace da sauri irin na ranar ba. Matata ta kai hannayenta baya ta harɗe.

"Aje ta bisa tabarma, Gwaggo. In kin gama ki ɗauka."

"Wayo ke nan? Ke da nir riƙa awa ɗiyar cikina?"

"Ni ma ina da gidanmu Jabo, Gwaggo, ina da uwa da rai. Kuma ban iya ba."

"Ba ki iya ba! Shekara da shekaru idonki mi shika kallo, rufin ɗaki?"

"Buta nika kallo."

Suka yi makonni ba abin da ke haɗa su sai ina kwana. Ni kuma ina tsakiya, tuwo daga wannan, fura daga waccan, kowacce tana ajiye kwano da ƙarfin da zai isar da saƙo. In na ce matata ta karɓa, na ɗaure ta a turken da nake kukan an ɗaure Gwaggo. In na yi shiru, Gwaggo tana nan inda take. Sai na yi abin da malamai ke yi in tambaya ta fi ƙarfinsu, na ce za a duba a darasi na gaba.

Labarin dabarar ya bazu. Daga ranar matan unguwa suka daina karɓar komai daga hannunta. Ko goro ta miƙa sai a ce, "Aje nan, Gwaggo, hannuna da ruwa." Matar da ta wanke iyayensu mata ta koma ba mai taɓa yatsanta. Wannan ya fi ciwon ƙafa cin ta, ko da yake ba ta taɓa faɗi ba.

Akwai wani matashin malami da ya dawo daga karatu yana wa'azi da lasifika. Ya daɗe yana sukar gumbar sadakar arba'in, wadda Gwaggo ke cewa ƙamshinta ne guzurin kurwa, in ba a daka ba sai ta tafi da yunwa. Da ya ji batun ƙwarya ya zo har zaure, ya durƙusa da ladabi, ya ce, "Inna, ki tafi abinki, ba abin da zai bi ki. Wankan gawa farilla ce a wuyan jama'a duka, ba a wuyan mutum guda ba." Gaskiya ya faɗa, ni ma abin da na karanta ke nan. Gwaggo ta yi murna ƙwarai.

"Madalla, ɗana, Allah shi ƙara sani. Aiko man matarka gobe in nuna mata."

Malam ya sosa ƙeya. "Ai ita, Inna, tana da goyo. Kuma tana da ɗan tsoro."

"To. Gai da jama'a."

Bai ƙara taɓo ƙwarya a lasifika ba, ya koma kan gumba, wadda ba ta neman matar kowa.

Da daminarta ta ƙarshe ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya. Ita da ta ga irin wannan a jikin wasu ba ta buƙatar likita ya fassara mata. Na ga in ba yanzu ba, babu. Na aro motar wani abokin aikina da direbanta, muka kawo ta har ƙofa, na shiga na ce, "Gwaggo, mota tana waje. Yau tunga za ki kwana." Ƙunshin kayanta yana nan a ɗaure tun fitar takaba. Mata suka ji, suka cika ɗaki wai sun zo sallama. Ta zauna a bakin gado, ta sa aka sauko mata da ƙwaryar daga ragaya, ta ɗora a cinya. Ba ta roƙi kowa ba. Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, matar liman, mai ƙosai, matata, da sauran. Kowacce hannunta yana cikin hijabi, kowacce ta sami abin kallo a ƙasa. Wata tana sharar hawaye da kafaɗa don kada ta fito da hannu. Direba ya danna ham a waje.

Na ce, "Ajiye ta kawai, Gwaggo. Ni na ɗauki alhakin."

Ta yi ɗan murmushi. "Kai za su bi, Babana? Ba su san ka ba. In nit tafi hakanan, can ma ba barci za ni yi ba." Ta miƙa wuya ta dubi ƙofa, ta daɗe. "Sallami mai mota."

Na sallame shi. Ta rayu har gero ya nuna, ba ta ƙara ambaton tunga ba.

Ranar da ta cika, Baffa ya iso ya ce ko za a kai ta gida. Liman ya ce gawa ba ta jira, inda rai ya fita nan ake rufewa, kuma ba wanda ya iya musa masa. Aka aika masu haƙa. Sai a lokacin abin ya faɗo mini, wa zai wanke ta? Na fita ina neman ɗan kabu-kabu da zai je wata unguwa ya roƙo mana tsohuwarsu, ban ma san ko tana gari ba. Ina cikin kwatance aka ce ana kira na daga soro. Matata ce, hannun rigarta a naɗe, tana ƙamshin kafur.

"Ku shigo da makara, Malam. An gama."

Masu haƙa ko rabi ba su kai ba.

Na bari sai bayan sadakar bakwai na tambaye ta. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Ke da kika ce ba ki iya ba?"

"Haba Malam. Wanda duk yaz zuba ruwa shekarun da munka zuba, ko makaho na ya iya."

"Ku duka?"

"Mu duka. Mun yi mata sallama, mun surka ruwa, mun gaya mata za mu juya ta. Ba abin da munka rage."

"To me ya hana ku faɗa tana da rai?"

Sai a nan ta ajiye rariya ta dube ni kamar yadda nake duban ɗalibin da ya maimaita aji. "Mu faɗi, ta miƙo? Wanka munka yi don Allah. Ba wadda tac ce ta karɓa." Da roba suka yi aikin, in ji ta. Ƙwaryar tana can a ragaya, ba wadda ta taɓa.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sanyaya mata ƙasar da ba ta zaɓa ba, ya sa matan da ta suturta su tare ta da maraba ba da tambaya ba. Ya ba mu guzurin tamu ranar.

Tun rasuwarta mata da dama sun riga mu gidan gaskiya a unguwar, ba wadda ta jira mai wanka. Su ukun ne ke yi, wadda ke gari ita ke zuwa. Yau da nake wannan rubutu matata tana Jabo wajen bikin ɗiyar ƙanenta, sai jibi za ta dawo.